Hular Modu

Ranar kasuwar Ajingi da ta wuce, ina zaune a rumfata ta gyaran rediyo, ɗaya daga cikinku, ku samarin injin niƙa, ya leƙo ya ce wai ya ji labari na yi shekara ashirin da wani abu a filin jirgi amma ko baro ban taɓa tuƙawa ba, aikina toshe wa mutane kunne. Kuka kwashe da dariya. Ni ma na dara, don gaskiya ya faɗa. Abin da ya hana dariyata nisa shi ne yadda ya yi maganar, da ƙarfi, kamar mai kiran wani daga hayin gona, alhali tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Gemunsa ko cika bai yi ba, kunnensa ya fara tafiya, kuma bai sani ba. To ga amsarku na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura, amma a kashe injin tukuna.

Sunana Sambo, mutumin Gafasa, Bafulatanin da kakansa ya rabu da sanda ya kama fartanya. A Gaya na fara koyon gyaran rediyo, daga nan na tafi Kano, har wani ya haɗa ni da wani kamfani mai jirage masu saukar ungulu, waɗanda kuke ce wa helikwafta. Na ɗauka rediyon jirgi za a ba ni. Sai aka kai ni wani ɗan ɗaki a gefen rumfar jirage, aka danƙa ni hannun wani tsoho, Oga Matiyu, wanda ya yi aikin jirgin sama tun ina goye. Ɗakin cike yake da abin da matuƙa ke sawa a kunne, an rataye su a ƙusa layi-layi. Kowanne ƙoƙo biyu ne haɗe da baka ta ƙarfe da ke hawa ka, da ɗan makirfo a gaban baki. Ƙoƙon kunne muke ce masa. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata duk dalmar da na narka a Gaya a nan za ta ƙare.

Aikin farko da Oga Matiyu ya ba ni ba aiki ba ne. Ya ja ni har kusa da wani jirgi da aka tayar, ya tsayar da ni kunne a buɗe, ya ɗaga yatsu yana ƙirga. Kafin ya kai biyar na ji haƙorana suna rawa, ƙirjina yana amsa bugun farfela. Sai ya zagayo ta bayana ya kifa mini ƙoƙon. Har yau in na rufe ido ina iya komawa wannan lokaci. Duniya ta ja da baya. Farfelar tana nan tana juyawa, mutane suna gudu riga tana kaɗawa, bakinsu yana motsi, amma ni kamar na nutse a tafkin bayan garinmu ina kallon rana ta ƙarƙashin ruwa. Na ji numfashina. Na ji jini yana tafiya a wuyana. Ban taɓa sanin shiru abu ne da mutum zai ƙera da hannunsa ya miƙa wa wani ba sai ran nan. Da muka koma ɗaki ya nuna mini kunnensa na hagu, ya ce wannan ya mutu tun kafin a san darajar ƙoƙo, kuma duk kayan da ke ɗakin nan babu wanda zai tashe shi.

Ƙarar cikin jirgi ba ɗaya ba ce. Akwai ta babbar farfela, mai dukan ƙirji, wadda kowa ke tsoro. Akwai ta inji. Sannan akwai wata siririya da ke fitowa daga giyabos, akwatin haƙoran ƙarfe da ke juya farfela, can saman rufi daidai kan mutanen da ke ciki, kamar kukan sauro amma ba ta hutawa. Ita ce ɓarauniyar. Ba ta sa ciwo, ba ta fid da jini. Ka sauka daga jirgi kunnenka yana ɗan kukan gyare, ka kwana ka tashi ya daina, ka ce lafiya lau. Ashe ta ɗebi nata ta tafi. Siraran sautuka take fara ɗauka, kukan tsuntsu, muryar ƙaramin yaro, ƙarshen kalma. Mutum yana jin ana magana amma ba ya rarrabe abin da ake cewa, sai ya fara zargin mutane da magana ciki-ciki.

Kayan aikina ba su cika akwati ba. Ƙananan sukundireba, filaya mai siririn baki, ƙarfen narka dalma, mita, sifirit da auduga, da ɗan abin haska cikin kunne. Amma babban kayan aikin shi ne babban yatsa. A bakin kowane ƙoƙo akwai wata katifa mai zagaye kunne, wata ta soso, wata mai ruwa-ruwa a ciki, kuma duk sana'ar a kanta take. Gumi da zafi suna busar da ita. Kullum da safe zan bi su ɗaya bayan ɗaya ina latsawa, yadda mata ke latsa mangwaro a kasuwa. Wadda ta lotsa ta dawo a hankali tana da rai. Wadda ta tsaya ƙiƙam, ko ta yi ɗan tsage ko da bai fi gashi ba, ta gama aiki. Oga Matiyu ya koya mini gwajin tafin hannu: mutum ya sa ƙoƙo kusa da inji mai aiki, ka danna masa da tafinka, in ya ce ƙarar ta ragu to dama akwai kafa, ƙara tana shiga. Ƙara kamar ruwan sama take a rufin soro, ba ta neman babbar ƙofa.

Ko ɗan soson nan da kuke gani ina ba ku kuna cusawa a aljihu, sa shi karatu ne. A murza shi ya zama siriri, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan ƙeya a ja kunne sama, a tura, a riƙe da yatsa har ya kumbura ya cika ramin. Wata uku na yi Oga Matiyu yana sa ni ina yi wa kaina kafin ya bar ni na taɓa kunnen wani. Daga baya na koyi ɗaukar awon kunne: a tura 'yar auduga mai zare ta tsare ciki, a cika ramin da wani kwaɓi mai laushi ta sirinji, a jira ya daskare, a zaro. Abin da ke fitowa kamar ɗan dodon koɗi yake, kuma ban taɓa ganin biyu iri ɗaya ba, ko a kan mutum ɗaya. Nakan jera su a taga kafin a aika da su inda ake ƙera matoshi, in zauna ina kallo, ga cikin kan kyaftin wane, ga na wane, hanyoyin da duk maganar da aka taɓa yi musu ta bi.

Masu zuwa wurina kuwa iri-iri. Akwai matuƙin da ke sa tabarau mai kaurin ƙafa, ƙafar ta ɗage katifa, sai da na nemo masa mai siririya. Akwai mai rataye ƙoƙonsa a tagar jirgi rana ta gasa, ya dawo yana faɗa wai kayana ba su da ƙarko. Wadda ta fi kowa ba ni girma wata kyaftin ce mace. Duk ranar da ta sake kitso sai ta biyo ta ɗakina kafin ta tashi, in gwada mata, in kitson ya tokare ƙoƙo ta koma a warware wajen. Tana cewa da kunnen take cin abinci. Na ji labarin har yanzu tana tashi.

Sai Modu. Injiniya ne mai bin jirgi, wanda ke zama a baya, daidai ƙarƙashin giyabos, yana lura da lafiyar inji. Ranar da ya fara shigowa ɗakina a gwada masa ƙoƙo, na dubi fuskarsa na tambaye shi gari. Ya ce Balan, ta ƙasar Gaya. Na ce Gafasa. Ya ce gidansu asalin Barebari ne, kakanninsu suka zo da allo da tawada suka zauna. Na ce to alhamdu lillahi, yau Allah ya kawo mini bawana har ɗaki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Fulata, wa ya bar maka aikin lantarki? Ina shanun?" Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba a fushi, ba a kai ƙara. Mu biyu kaɗai ne 'yan gida a duk kamfanin. Daga ran nan kwanonmu ɗaya, motar Wudil ɗaya muke hawa in an yi hutu, kuma ban tuna rana ɗaya da muka yi wa juna magana a miƙe ba. In na ce ina kwana sai ya ce yunwa ce ta tashe ni.

Modu mahaddaci ne, kuma ban taɓa ganin kunne irin nasa ba. A masallacin ma'aikata yana sahun baya zai ji liman ya ja inda ba a ja, ya gyara masa a hankali. A jirgi yakan gaya wa makanikai cewa wani abu ya fara ci a giyabos tun kafin na'ura ta nuna, su buɗe su tarar haka ne. Burinsa ɗaya, yana faɗa kullum: in ya gama da jirgi ya koma Balan ya zauna a zauren mahaifinsa, masu hadda su zo su karanta yana saurare. Yana da wata hula ta saƙa, fara, mai kaurin baki, wadda yake ja har ta rufe saman kunne. Ranar da ya yi sauka mahaifinsa ya sa masa irinta, ya ce kan da ya ɗauki Alƙur'ani ba ya yawo a buɗe. In ta tsufa daga gida ake aiko masa da wata. A kan hular nan yake ɗora ƙoƙo.

Wata rana da kaka za a kai wani jirgi gabas, aka ce in bi su don akwai kayan da zan duba a can. Wannan ne tashina na farko ta saman gida. Muka bar Kano hantsi bai ɗaga ba, muka wuce gadar Wudil, kogin yana ƙyalli. Sai ga ƙasarmu a shimfiɗe. Gonakin gyaɗa an cire an jera, dawa ta sunkuyar da kai, hanyoyin shanu sun ratsa tsakani. Na ga inuwar jirginmu tana gudu a kan gonaki, tana tsallake kuka da rijiya, ba ta taɓa komai. Na yi ta neman rufin gidanmu ban gane shi ba, duk gidajen sun zama ɗaya. A cikin ƙoƙona shiru, sai wata 'yar murya can ƙasa-ƙasa: Modu ne ya manta makirfonsa a buɗe yana tilawa. Kyaftin bai hana shi ba. Muka yi ta tafiya a haka, ƙasa tana wucewa, karatu yana zuba, har na rasa ko a farke nake.

Ina zaune a bayansa, idona ya sauka a ƙeyarsa. Bakin hular ya shiga ƙarƙashin katifar ta sama, ya ɗage ta, dama da hagu, kafar da tsinken tsintsiya zai wuce. Na miƙa hannu biyu na danna masa ƙoƙon da tafina. Karatun ya tsaya cak. Ya juyo ido waje, don ƙarar da ya ɗauka ta jirgi ce dole, ya ji rabinta ta ɗauke. Na saki, ta dawo. Muka dubi juna. Ya gane, ni ma na gane.

Da muka sauka, nan ne ya kamata in ja shi gefe in ce Modu, kunnenka yana tafiya, zo mu san abin yi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, wai dama an ce Babarbare da hula aka haife shi, ko sanƙo yake ɓoyewa? Ya ce Bafulatanin da ya saba yawo a daji kai ba komai ina zai san darajar hula. Aka yi dariya, aka wuce cin abinci. Na sake tayar da maganar ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma kowane lokaci da rigar wasa take fitowa, don ba mu da wata rigar. In na ɗan ɗaure fuska sai ya ce ga Fulata zai yi wa'azi, ni kuma in kasa riƙe dariya. Soson cusawa ma na ba shi ya ƙara a ƙarƙashin ƙoƙo, ya ƙi, ya ce zai hana shi jin inji, kuma ba zai karɓi abu daga hannun makiyayi ya tura a kansa ba.

Akwai takarda a teburina. Da na rubuta cewa wane yana sa abin da ke hana ƙoƙo zama, da an kira shi ofis an ce ko hula ko jirgi. Na rubuta wa wasu a kan abin da bai kai wannan ba. Amma in kai ƙarar ɗan gida wurin baƙi, in sa a ce wa mahaddaci ya tuɓe hular da ubansa ya sa masa, in kuma dawo mu ci tuwo kwano ɗaya? Hannuna ya ƙi. Oga Matiyu ya riga ya yi ritaya, da yana nan da ya rubuta ko gezau. Ga kuma wani abu da sai daga baya na gane. Da zarar magana ta zama ta Bafulatani da Babarbare, ba mafita ake nema ba, nasara ake nema. Ni ina so ya cire, shi yana so kada a ce Fulata ya sa shi ya cire. Tsakanin cirewa da bari babu wanda ya duba a cikinmu.

Sai muguwar shekara ta zo. Kamfani ya samu aikin kai magani da ma'aikatan agaji arewa maso gabas, tashi ya ninka, kayan gyara kuma suka daina zuwa daga waje. Zafin shekarar ya busar da katifu kamar ganda. Na yi ta dabara, ina wanke su da ruwan ɗumi, ina juya soson ciki, ina yanko na ƙoƙon da ya mutu ina liƙa wa mai rai. Sababbi 'yan kaɗan suka rage a aljihun tebur. Na raba wa matuƙa, na raba wa baƙi, na bar Modu a ƙarshe, yadda ake yi a gida in nama bai isa ba, baƙo ya ci, ɗan gida ya yi haƙuri. Da layi ya zo kansa sun ƙare. Ya tashi wata da watanni da busasshiyar katifa a kan hula mai kauri, wani lokaci sawu uku a yini. Na fara lura yana juyo da kai gefe in ana magana. A masallaci liman ya yi tuntuɓe, na saurara in ji gyara daga sahun baya, ban ji ba.

Da kaka na samu hutun mako biyu na taho Gafasa. Muna zaune a tsakar gida da maiɗakina tana ɓarar gyaɗa, na ba ta labarin hular, ina yi ina dariya kamar yadda na saba. Ba ta yi dariya ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "To ba sai a ɗinka masa wadda ba ta kai kunne ba?" Ta ci gaba da ɓararta. Shekara shida ina fama, amsar tana bakin mai ɓarar gyaɗa. Ranar kasuwa na zo nan Ajingi, wajen wani tela da ke layin 'yan yadi, na zana masa a takarda: farar hula marar kauri, mai kama tsakar ka, an yanke gefenta ta bi ta saman kunne. Kafin in gama shan fura ya gama.

Na koma aiki ran Lahadi da hular a aljihu. Ran Litinin aka kira masu tashi gwajin kunne na shekara, wanda aka yi ta ɗagawa saboda yawan aiki. Ni nake raka su, don ni ke riƙe da bayanin kayan kowa. Wurin gwajin wani ɗan ɗaki ne kamar akwati, bango mai kauri, da taga ta gilashi. Mutum ya shiga a rufe, a sa masa abin ji, a ba shi maɓalli a hannu. Likita tana waje tana aika masa da sauti, in ya ji ya danna. Duk sanda ta aika, wata 'yar fitila takan kama a gabanta, don haka na waje yana ganin abin da na ciki ya kamata ya ji.

Modu ya shiga yana tsokanata ta gilashi. Ya zauna, ya rufe ido. Da ta fara da masu kauri yatsansa yana tafiya daidai da fitila. Sai ta koma sirara. Fitila ta kama, yatsa bai motsa ba. Ta ƙara ƙarfi, ta kama, shiru. Ta ƙara. Fuskarsa a sake take, har da ɗan murmushi, ya karkata kai yana jira, irin jiran manomin da ya ga hadari ya haɗu. Na tsaya ina ƙirga kamawar fitilar nan har na daina. Ta koma ɗaya kunnen, shi ma kusan haka. Da aka buɗe ƙofa ya fito yana gyara hula, ya dube ni ya ce, "Fulata, na'urar tasu ta tsaya ne a tsakiya? Je ka duba musu waya." Da gaske yake tambaya. Na nuna masa kujerar da ke gaban likita.

Likita ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Aka sauke shi daga tashi, aka ba shi aikin ƙasa. Hular na ba shi bayan kwana biyu, ya jujjuya ta ya ce Fulani ko a yadi sai sun yi rowa, ya sa, ta zauna daram, ƙoƙo ya kama kunnensa ruf. Ya yi 'yan watanni yana sa ta a rumfar jirage, sannan ya ajiye aiki ya koma gida. An saya masa abin ƙara ji, ya ce yana ƙara masa hayaniya ne ba magana ba, yakan sa ya cire. Ni na ƙara wasu shekaru. Ban sake barin kowa ya tashi da kafa a ƙoƙo ba, kuma na rubuta takarda a kan mutanen da nake jin nauyinsu, har wani ya daina gaishe ni.

Don haka in kun gan ni na tsaya a bakin injinku ban yi dariya ba, na ce wane kashe, zo in sa maka soso a kunne, kada ku ce Baba Sambo ya cika ɗaci. Na iya wasa fiye da ku duka. Na dai ga inda yake kai mutum in aka sa shi a wurin da ba nasa ba. Kukan gyaren da kuke ji in kun tashi daga aiki ba gajiya ba ce.

Da daminar bana na hau babur na tafi Balan. Gero ya yi kai, hanya duk laka. Na tarar da Modu a zauren mahaifinsa, inda ya ce zai zauna, ya yi furfura, ya yi ƙiba. Magidanta huɗu suna zaune da Alƙur'ani suna kawo hadda, amma ba gabansa suke fuskanta ba, gaban ƙaninsa suke. Ƙanin ne ya raɗa mini dalili da na fita alwala. Farkon dawowarsa shi ke saurare, sai wata rana wani ya tsallake aya bai ji ba, ya ce masa madalla, na gefe ya gyara. Tun ran nan ya matsa ya ba ƙaninsa buzun. Yanzu yana zama a gefe, yana bin leɓen mai karatu da ido, nasa leɓen yana motsi.

Da suka tashi aka kawo mana abinci, muka rage mu biyu. Yayyafi ya fara sauka a kan kwanon rufi. Tun daga Gafasa nake shirya maganar a kan babur, kuma na rantse wa kaina yau ba wasa. Na sunkuyar da kai, don irin wannan magana ba a yin ta da ɗaga murya, ballantana ga mata a bayan katanga. Na ce, "Modu, na ga kafar nan tun ranar da muka bi ta saman gida. Aikina ne in hana ka, ban hana ba. Katifar ma kai na bari a ƙarshe. Ka yafe mini."

Yana kallon bakina har na gama. Ya ɗan jira, ya ga na yi shiru, ya san an zo wurin dariya, don shekara talatin duk abin da ya fito daga bakin nan nan yake ƙarewa. Ya kwashe da ita, ya buga cinyata, ya ce, "Allah ya shirye ka, Fulata. Kome ka ce, kai ne dai bawan. Ci abinci."

Na buɗe baki in maimaita da ƙarfi. Na dubi yadda yake dariya har da hawaye, na sa hannu a kwano. Muka ci, ruwa ya tsagaita, ya rako ni har bakin hanya yana riƙe da hannuna.